Gwanayen Karanta Tsohon Turanci

Ɗauki Bature haifaffen Landan, wanda ya sha Turanci a nono, ka ajiye masa shafin farko na waƙar Beowulf kamar yadda aka rubuta ta da hannu a kan fata wajen shekara ta 1000. Zai tsinci kalma ɗaya nan, biyu can, sauran kuwa sai ya yi zuru. Akwai haruffan da bai taɓa cin karo da su a makaranta ba, irin su þ da ð da æ, da wani mai kama da p amma w ake karanta shi. Ba a ma jera waƙar ɗango-ɗango ba. Daga wannan gefen fatar zuwa wancan aka zuba ta kamar wasiƙa, alhali waƙoƙin Latin na zamanin ana tsara su layi-layi. Waƙafi babu, ayoyin tsayawa jefi-jefi, sunan mutum ba shi da babban baƙi da zai raba shi da sauran kalmomi. Waƙar da ake sayarwa yau a kantin littattafai, mai ɗango 3,182, kowanne da ɗan gurbi a tsakiyarsa, aikin wasu mutane ne da suka zauna suka yanke hukunci a kan kowace kalma. Sana'arsu ce ɗalibin da ya zaɓi tsohon adabin Turanci a jami'a yake fara koyo, ko ya sani ko bai sani ba.

Farkon karatun ba shi da armashi ko kaɗan. Tsohon Turanci, wanda aka yi magana da shi a Ingila daga wajen ƙarni na 5 zuwa tsakiyar na 12, a matsayin baƙon harshe ake koyar da shi, har ga 'yan ƙasar. Suna yana canza ɗafa-ƙeyarsa gwargwadon aikinsa a jimla: siffarsa daban in shi ne aikau, daban in karɓau ne, daban in mallaka ake nufi, daban in shi aka yi wa abu. Jinsi uku ne, namiji da tamata da wanda ba ko ɗaya ba. Aikatau masu sauya wasalin ciki rukuni bakwai ne, sai an haddace su. Wakilin suna kuma, ban da tilo da jam'i, yana da siffa ta musamman ta mutum biyu rak, kamar yadda masu karatun Larabci suka saba gani. Littattafan da ake wannan hadda da su ma sun yi shekaru: na Henry Sweet sun fito a 1876 da 1882, na Bruce Mitchell da Fred Robinson kuwa har yau ana sake buga shi.

Dalilin wannan wahala yana bayyana ne ranar da ɗalibi ya fuskanci waƙa. A Turancin yau jerin kalmomi ke nuna wa ya yi, wa aka yi wa. Tsohon mawaƙi ba ya bin wannan jeri. Yana iya sa karɓau a gaba, ya jefa aikatau can ƙarshe bayan ɗango biyu, ya kira sarki da suna uku daban-daban a tsakani. Wanda bai riƙe ɗafa-ƙeya ba sai ya fassara cewa dodo ya kashe jarumi a inda jarumi ya kashe dodo. Shi ya sa malamai ke farawa da zube mai sauƙi. Akwai labarin Ohthere, wani ɗan kasuwa daga arewacin Nowe da ya bai wa Sarki Alfred, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, labarin tafiyarsa a teku da irin dukiyarsa ta dabbobin dawa. Akwai kuma hirar da malami Ælfric ya tsara wa yaran makarantarsa, inda wannan zai zama manomi, wancan makiyayi, wancan mafarauci, kowa ya faɗi wahalar sana'arsa. Da Latin ya rubuta ta, wani ya bi tsakanin layuka ya sa fassarar Turanci, kuma wannan fassarar ce ta zama abin koyon ɗalibai bayan shekara dubu.

Ɗalibi Bahaushe yana da wata 'yar riba a nan da Baturen ba shi da ita. Jinsin kalma ba sabon abu ba ne gare shi, har ma an yi dace rana mace ce a Tsohon Turanci, wata kuma namiji. Sannan harshen yana bambanta dogon wasali da gajere, ma'ana ta sauya, amma masu rubutun hannu ba su cika nuna bambancin ba, kamar dai yadda bokonmu ba ya nunawa. Kunnen da ya saba da cika wannan giɓi da kansa ya riga ya yi rabin tafiya.

Abin da ya rage na waƙoƙin wannan zamani kaɗan ne, wajen ɗango 30,000, kuma mafi yawansu a cikin littattafai huɗu suke. Ɗaya yana majami'ar Exeter tun lokacin da Bishop Leofric, wanda ya rasu a 1072, ya bayar da shi. An yanka abu a kan bangonsa, an ɗora masa kofi ya bar zobe, wani garwashi ko ƙarfe mai zafi ya ci shafukansa na baya a karkace. Na biyu yana garin Vercelli a arewacin Italiya, mai yiwuwa wani matafiyi zuwa Rum ne ya bar shi a can. Na uku yana laburaren Bodleian a Oxford. Na huɗu, mai ɗauke da Beowulf, yana babban laburaren Birtaniya a Landan, kuma shi kaɗai ne kwafin waƙar a duniya. Babu na biyu da za a gwada shi da shi.

Wannan littafi ya taɓa zama a tarin Sir Robert Cotton, mutumin da ya jera kabad-kabad ɗinsa ya ɗora wa kowanne gunkin kan wani sarkin Rum. Har gobe lambar littafin ke nan: kabad ɗin Vitellius, kanta ta farko, littafi na 15. A watan Oktoba na 1731 gobara ta tashi a gidan Ashburnham da ke Westminster inda aka ajiye tarin. Wasu littattafan sun ƙone ƙurmus. Waƙar yaƙin Maldon, wanda aka gwabza a 991, ta tafi a wutar, sai dai Allah ya sa wani ya kwafe ta 'yan shekaru kafin nan. Beowulf ta tsira, amma gefen shafukanta ya babbake, fatar ta yi ƙauri, ta riƙa marmashewa duk lokacin da aka buɗe. Wajen 1787 wani masani ɗan Aislan mai aiki a Danmak, Grímur Thorkelin, ya zo Landan ya sa aka kwafe masa waƙar, shi ma ya yi nasa kwafin. Mutumin da ya ɗauka haya bai san harshen ba ko kaɗan, zana haruffa kawai ya yi yadda ya gan su. Abin mamaki, masana suna daraja wannan jahilci, domin wanda bai san me ya kamata ya gani ba ba zai gyara wa marubuci rubutu ba. Kusan haruffa 2,000 da suka zube daga baya, a waɗannan kwafi biyu kaɗai ake samun su. Shi kuwa Thorkelin, bayanan da ya tara shekara da shekaru sun ƙone a 1807 lokacin da jiragen ruwan Birtaniya suka yi wa Kopenhegan ruwan wuta. Ya sake daga farko, ya buga littafin a 1815, cike da kurakurai, amma ya buga.

To, da me ake gyara rubutun da ba shi da ɗan'uwa? A nan ne gwanintar take, kuma mafi yawanta a kunne take.

Tsohuwar waƙar Turanci ba ta da amsa-amon ƙarshen ɗango. Abin da ke ɗaure ta shi ne sautin farkon kalma, abin da masu nazarin waƙa a wajenmu ke kira karangiya, sai dai a can doka ce, ba ado ba. Kowane ɗango rabi biyu ne, kowane rabi yana da gaɓoɓi biyu masu nauyi. Gaɓa mai nauyi ta farko a rabi na biyu ita ce limamiya: da sautin da ta fara dole ɗaya ko duka biyun na rabin farko su fara. Ta huɗu kuwa, a bisa al'ada, ba ta shiga sahu. Kowane wasali yana amsa wa kowane wasali, amma sp da st da sc kowanne kansa kaɗai yake amsa wa. A 1885 wani Bajamushe, Eduard Sievers, ya bi rabin ɗangayen Beowulf ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa kusan dukkansu suna faɗawa cikin tsari biyar na hawa da saukar nauyi. Ɗalibi yana zama da fensir yana sa alama a kan kowace gaɓa, yana karantawa da ƙarfi, har wata rana ya wayi gari ba ya bukatar fensirin. Ya karanta ɗango sai ya ji ya yi ɗingishi kafin ya san dalili. Duk wanda ya taɓa zama kusa da malamin da ke karanta tsohuwar waƙar ajami, ya ga ya tsaya cak ya ce mai kwafi ya tsallake kalma a nan domin kari ya karye, ya san irin wannan ji.

Ga yadda abin yake a aikace. Kusa da farkon waƙar, mawaƙi ya ce wani sarkin Danmak, Healfdene, ya haifi 'ya'ya huɗu. Ya ambaci maza uku: Heorogar da Hrothgar da Halga. Da aka zo kan ta huɗu, a ɗango na 62, sai ga kalmar sarauniya da guntun sunan mijinta, nata sunan babu. Fatar lafiyarta ƙalau a wurin, wuta ba ta taɓa ba. Amma ɗangon ya gaza tsawo, karangiyar ba ta haɗu ba, lissafin huɗu bai cika ba. Hujja uku ke nan masu cewa idon mai kwafi ya yi tsalle. Daga nan sai a nemi sunan sarkin da ya ƙare da waɗannan haruffa, a samu Onela na Suwidin wanda waƙar ta ambata can gaba, a leƙa tatsuniyoyin Aislan inda ake da wata sarauniya Yrsa a wannan dangi. Wasu editoci suna sa sunanta cikin baka, wasu suna barin ɗigo-ɗigo. A ganina na biyun sun fi gaskiya, amma na farkon ma ba da ka suka yi ba.

Misalin da ya fi burge ni na Ƙabila ne, ɗan Annabi Adamu da ya kashe ɗan'uwansa Habila. Waƙar ta ce dodon labarin, Grendel, daga zuriyarsa ya fito. A rubutun wancan zamani harafin i ba shi da ɗigo, 'yar sanda ce kawai a tsaye. In ka sa i kusa da n, sanda uku ke nan, daidai da m. Sunan Ƙabila a harshen yana ƙarewa da i da n. A ɗango na 107 mai kwafi ya fara rubuta shi da m, wanda ya mai da shi Ham ɗan Annabi Nuhu, sannan aka kankare sanda aka gyara, kuma tabon kankarar yana nan a fatar. A ɗango na 1261 ya sake tuntuɓe a wuri guda, wannan karon ya ƙara harafi ya mai da sunan wata kalma mai nufin yaƙi, bai kuma gyara ba. Jimlar tana maganar wanda ya kashe ɗan'uwansa tilo da takobi, saboda haka ba a jayayya kan wanda ake nufi. Mai karatu na gari ba ya tsayawa a gyaran. Yana tambayar me kuskuren ya fallasa: cewa mutumin nan daga wani tsohon kwafi yake kwafa, ba daga kansa yake rubutawa ba, kuma sunaye su ne suka fi ba shi wahala.

Daga irin waɗannan ƙananan abubuwa ne babbar gardamar fannin ta taso, wato yaushe aka yi waƙar. Kevin Kiernan ya fito da littafi a 1981 yana cewa ba ta girmi rubutun hannun ba, a zamanin Sarki Cnut aka yi ta, farkon ƙarni na 11. R. D. Fulk a 1992 ya bi ta hanyar kari, ya nuna cewa mawaƙin yana kiyaye wani bambanci tsakanin dogayen wasula da gajeru na ƙarshen kalma wanda ya ɓace daga bakin mutane tun da wuri, don haka waƙar ta fi kusa da shekara ta 700. Leonard Neidorf a 2017 ya tattara sunayen da masu kwafin suka lalata, ya ce mutanen da ba su gane jaruman labari ba sun yi nisa da zamanin da aka san jaruman. Shekara 300 ce tsakanin ra'ayoyin, kuma makaman duka ɓangarorin wasula ne da tabon wuƙa a kan fata. Su ma masu kwafin mutum biyu ne: na biyu ya karɓi alƙalami a ɗango na 1939, a tsakiyar jimla, da hannunsa na tsohon yayi da nasa salon rubuta wasula.

Rabin gwanintar kuma shi ne sanin lokacin da za a janye hannu. Editocin ƙarni na 19, musamman a Jamus, sun yi ta gyara har suka riƙa yanka waƙar gunduwa-gunduwa suna cewa wannan na asali ne, wancan ƙarin wani limamin Kirista ne. Mai kwafin da ake zargi da kuskure da harshen ya tashi, editan kuwa a littafi ya koya. Shi ya sa malami na ƙwarai, in ɗalibi ya zo da zumuɗin gyara, yakan fara tambayarsa ko ya tabbata ba shi ne bai gane ba. Littafin Friedrich Klaeber, wanda ya fara fitowa a 1922 kuma aka sabunta shi a 2008, yana da ƙananan rubutu a gindin kowane shafi masu nuna abin da fata ta ce, da abin da kwafin Thorkelin ya ce, da wanda ya fara kawo kowane gyara. Sabon ɗalibi tsallake su yake yi. Wanda ya fara nuna a karatu kuwa can idonsa ke fara sauka.

Ido ma ya samu mataimaka. A 1845 an saka kowane shafi na rubutun hannun Beowulf cikin firam na takarda don hana shi ci gaba da zubewa, sai firam ɗin ya rufe ɗaruruwan haruffan gefe. A shekarun 1990 Kiernan da ma'aikatan laburaren suka haska fitila ta bayan shafukan suka ɗauki hoto da kyamarar kwamfuta, haruffan suka fito ta cikin takardar. Shafin ƙarshe ya fi kowanne gogewa. A wurin ƙona gawar jarumi Beowulf akwai wata mace mai kuka, kuma kalmar da ke bayyana ta ta dushe. Editocin farko sun karanta tsohuwa, wasu har suka ɗaura wa jarumin aure suka ce matarsa ce. Da aka haska wurin da hasken nan da ke tayar da tsohuwar tawada, sai mafi yawan masana suka koma ga cewa wata mace ce kawai daga ƙabilarsa ta Geat, ba suna, tana kukan bauta da kisan da ta hango za su biyo bayan mutuwar sarki. Haruffa 'yan ƙalilan ne suka sauya, amma ƙarshen waƙar ya tashi daga makokin gida ya koma na al'umma.

Ba a iya wannan karatu da harshe ɗaya. Wani malamin Danmak, N. F. S. Grundtvig, jim kaɗan bayan bugun Thorkelin, ya gane cewa Hygelac, kawun Beowulf, shi ne sarkin da marubucin tarihi Gregory na Tours ya ambata da Latin cewa an kashe shi a wani hari da ya kai yankin Faransawan farko wajen 520. Ta haka aka samu turke ɗaya na tarihi a cikin labarin dodanni. A 1939 kuma aka tono jirgin ruwa mai tsawon mita 27 a Sutton Hoo, gabashin Ingila, an binne wani babba a ciki da kwalkwali da takobi da zinariya, sai bayanin jana'izar cikin jirgi da ke farkon waƙar ya daina zama ƙarin gishirin mawaƙi. Amma wannan hanya tana da haɗarinta, kuma J. R. R. Tolkien, wanda ya riƙe kujerar farfesan wannan fanni a Oxford daga 1925 zuwa 1945, ya nuna shi a wata lacca a 1936. Ƙorafinsa shi ne masana sun mai da waƙar ma'adanar tarihi suna haƙa, suna jin kunyar dodannin da ke tsakiyarta, alhali mawaƙin da gangan ya sa su a can. Tun daga lokacin ake sa ran ɗalibi ya iya duka biyu: ya ƙirga gaɓa, ya kuma iya faɗin dalilin da ya sa mawaƙi ya katse labarin biki ya tuna wa mai sauraro cewa zauren da ake bikin wata rana wuta za ta ci shi.

Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, harshen ya zubar da yawancin ɗafa-ƙeyarsa ya sha kalmomin Faransanci, aka shiga abin da ake kira Turancin Tsakiya. Ɗalibi yakan sauke ajiyar zuciya in ya iso ga Geoffrey Chaucer, wanda ya rasu a 1400, domin kalmomin sun yi kama da na yau. Tarkon ke nan. Kalma tana nan da rigarta amma ma'anarta ta ƙaura, kuma dogayen wasulan Turanci duk sun sauya furuci a ƙarnonin da suka biyo baya. Har manyan mawaƙa sun faɗa ciki. John Dryden a 1700 ya ɗauka ɗangayen Chaucer guragu ne, gaɓoɓinsu ba su cika ba. Sai a shekarun 1770 Thomas Tyrwhitt ya nuna cewa harafin e na ƙarshen kalma, wanda yanzu ba a furta shi, a bakin Chaucer gaɓa ce mai zaman kanta a wurare da yawa. Da aka mayar da ita, kari ya miƙe. An shafe ƙarnoni ana ɗora wa mawaƙi laifin kunnen masu karatunsa.

A zamanin Turancin Tsakiya babu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu, kowa yadda garinsu ke furtawa yake rubutawa, kuma masana sun mai da wannan ruɗani abin aiki. Angus McIntosh da abokan aikinsa sun fitar da taswirar karin harsunan Turancin Tsakiya a 1986, bayan shekaru masu yawa suna tattara yadda ake rubuta kalmomin yau da kullum a ɗaruruwan rubuce-rubuce. Da ita mai bincike yana iya ɗaukar littafin da ba sunan marubuci, ya duba yadda ya rubuta 'yan kalmomi talatin ko arba'in, ya ce mutumin nan daga wannan yanki ya fito. Ta karin harshe aka san cewa wanda ya yi waƙar Sir Gawain, wadda ita ma kwafi ɗaya ce a tarin Cotton, mutumin arewa maso yammacin tsakiyar Ingila ne, ko da yake har yau ba wanda ya san sunansa.

Aikin Tsohon Turancin ma bai ƙare ba. A Jami'ar Toronto ta Kanada an fara haɗa sabon ƙamus a 1970 ƙarƙashin Angus Cameron. Kafin su fassara kalma ko ɗaya sai da suka tattara duk rubutun da ya rage a harshen, waƙa da wa'azi da doka da wasiyya da maganin gargajiya har da rubutun kan dutse, wajen kalmomi miliyan 3, suka zuba a kwamfuta, domin kowace ma'ana ta fito daga duba wuraren da kalmar ta bayyana. Harafin D ne ya fara fitowa, a 1986. Cameron ya rasu shekara uku kafin nan, kuma waɗanda suka gaje shi har yanzu suna tsakiyar jerin haruffan.